Idon da Ke Murfin Tukunya Ta Uku

Minti huɗu na gani a allon kwamfuta da safiyar Litinin ɗin nan, lokacin da Ejvind ya miƙo mini biro ya ce in sa hannu a ƙarƙashin nasa.

"Minti huɗu fa, Ejvind."

"Fitila ta kawo kore, Vibeke. Ba ni na ƙera na'urar ba. Sa hannu mu je mu sha kofi, gwiwar nan ta fara yi mini tsiya."

Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin gauraya na masana'antar magungunan nan da ke bayan garin Hobro, sha tara daga ciki tare da Ejvind Brogaard. Na san gwiwarsa, na san matarsa, na san burodin da yake shafa wa hanta kullum da rana har ya ishe ni da wari. Shekararsa sittin da uku, yana ƙirga lokacin fansho kamar fursuna. Kuma gargaɗi biyu ke cikin fayil ɗinsa: ɗaya na kwanan wata da ya rubuta ba daidai ba, ɗaya na rariyar da ya manta bai canza ba. A wurinmu na uku ba gargaɗi ba ne, ƙofa ce.

Aikin namu ba wani asiri ba ne. Ana zuba gari a ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ta fi mutum tsawo, a ɗaga ta, ta yi ta juyawa kai sama kai ƙasa. Maganin zuciya muke haɗawa a tukunya ta uku, kuma ainihin maganin cokali ɗaya ne cikin cokali ɗari biyu, sauran duk sitaci ne da sukarin madara da ke ba ƙwaya jiki. In bai gaurayu sosai ba, wata tsohuwa za ta haɗiyi ƙwayar da babu komai a cikinta, wata kuma ta haɗiyi rabon mutum biyu a lokaci guda.

A da sai mu tsayar da tukunya, mu zura dogon bututu mu ɗebo gari daga wuri goma, mu kai ɗakin gwaji mu zauna zaman jira. Shekara tara da suka wuce aka kawo mana ido. Haka muke kiransa. Ɗan gilashi ne a murfin tukunya, faɗinsa bai wuce na sulen kuɗinmu na kurona biyar ba, a bayansa akwai na'ura mai harba wani haske da idon mutum ba ya gani. Duk juyi ɗaya gari zai faɗo kan gilashin, hasken ya shiga cikinsa ya dawo, kwamfuta ta duba wane ɓangare na hasken garin ya shanye, daga nan ta san yawan maganin da ke wurin. Da farko layin da ke allo tsalle yake yi sama da ƙasa, don kowane juyi abin da ido ke gani daban ne. In layin ya kwanta ya miƙe, gari ya zama ɗaya ke nan, fitila ta kawo kore, tukunya ta tsaya da kanta. Minti sha biyu ake yi, wani lokaci sha huɗu. Ban taɓa ganin an yi ƙasa da sha ɗaya ba.

Na mayar masa da bironsa.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Asger Vestermark, shugaban sashenmu, ya shigo cikin farar riga da hula kamar kowa, sai dai shi ko a cikin kayan aiki sai ka san kekensa ya fi motarka tsada. Bara aka kawo mana shi daga birnin Aarhus. Abu na farko da ya yi shi ne kafa wani allo a baranda mai nuna kwana nawa muka yi ba a cike jar takarda ba, wato takardar da ake rubutawa in aiki ya kauce wa ƙa'ida. A safiyar nan allon yana cewa ɗari biyu da tamanin da bakwai.

"Me ya tsayar da mu, Vibeke? Masu injin buga ƙwayoyin magani suna jiran garin nan tun ƙarfe takwas."

"Su ci gaba da jira. Dubi layin nan."

Ya duba. "Ya kwanta."

"Ya kwanta kamar gawa. Garin da ya gaurayu yana ɗan motsi, ko ba yawa. Wannan ko numfashi ba ya yi."

"An gwada tsarin nan, hukuma ta amince da shi. Babu inda aka rubuta cewa sai ya kai minti kaza. Kore kore ce."

"To kai ka sa hannu mana."

"Kin san ba ni da izinin sa hannu na biyu."

"Ni kuma ina da shi, shi ya sa ba zan sa ba."

Ya yi irin murmushin nan nasa na wanda aka tura kwas ya koyo yadda ake haƙuri da tsofaffin ma'aikata. Wannan murmushin ya fi zagi ƙona mini rai. Na wuce shi na zaro jar takarda daga aljihun tebur, na rubuta lokaci da lambar tukunya, domin sai da ita ake da ikon buɗe murfi.

Da muka sauke murfin muka juya shi, ga abin nan ƙuru-ƙuru. Gari ya liƙe a kan gilashin, ya yi ɓawo fari kamar ƙanzon tukunya. Tun minti na uku ido bai sake ganin abin da ke juyawa a ciki ba. Ɗan ɓawon nan yake ta kallo yana maimaitawa, yana ba kwamfuta amsa iri ɗaya, ita kuma ta ce madalla, komai ya daidaita. Da yamma sakamakon ɗakin gwaji ya fito. Cikin wurare goma da aka ɗebo, wani bai kai rabin maganin da ya kamata ba, wani ya kusa ninki biyu.

Tun kafin in taɓa gilashin na san dalili, kuma wannan ne abin da ban faɗa wa kowa ba a ranar.

Takardar ƙa'ida ta ce a wanke murfi, a goge gilashin da sifirit, a jira minti goma, a ɗaura. Amma akwai zoben roba da ya kewaye gilashin, kuma ƙarƙashinsa yana riƙe laima wadda minti goma ba ya isa ta bushe. A watan farko da aka kawo ido na gane haka. Tun daga lokacin, duk murfin da za a ɗaura sai na ɗauko tiyon busasshiyar iska da ke rataye a bango na hura wa zoben minti ɗaya. Na rubuta takardar neman a saka wannan cikin ƙa'ida, shafi shida, na kai wa injiniyan wancan zamanin. Ya ce ya gode, ya sa a tire, bayan wata biyu ya sami aiki a wani wuri. Ni kuma na ci gaba da hura iskata. Ba wanda ya tambaya, ban faɗa ba.

Mako uku kafin wannan Litinin ɗin Asger ya kama ni da tiyon a hannu. A gaban kowa ya yi mini, har da baƙi biyu da yake zagayawa da su.

"Wane mataki ne wannan a takarda, Vibeke?"

"Ba ya ciki."

"Abin da ba ya cikin takarda ba a yin sa. Mun wuce zamanin kowa da dabarar kakarsa. Mayar da shi."

Bai tambaye ni dalili ba. Da ya tambaya da kalma ɗaya, da na faɗa masa. Zuciya ta ɗebe ni, na rataye tiyon, na ce a raina to, mu zuba mu gani. Mako uku ba abin da ya faru, domin murafan da ake wankewa suna kwana kafin a ɗaura su, laimar takan bushe da kanta. Sai wannan Litinin ɗin da aka matsa mana da oda ta gaggawa, Ejvind ya wanke murfi ƙarfe shida da rabi, ya goge, ya jira minti gomansa cif, ya ɗaura. Ina tsaye a wurin. Na kalli tiyon a bango, na kalli murfin, na yi shiru.

Washegari allon baranda ya koma sifiri. A ɗakin cin abinci mutane suna kallona kamar ni na liƙa garin da yawuna. Asger ya shigo da kofinsa, ya dafa kafaɗar Ejvind.

"To Ejvind, ranar Juma'a muna jiran kek ɗin shirme. Kada ka sayo na kanti, ka ce wa matarka Inger ta gasa mana mai kwakwa."

Aka yi dariya. Al'adarmu ce, duk wanda ya tafka shirme a wurin aiki shi zai kawo kek, ya tsaya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a ci a yi masa tsiya, magana ta wuce. Ni kaina na kawo sau huɗu. Amma kek na ƙaramin shirme ne, na wanda ya kulle kansa a ɗakin sanyi ko ya aika wasiƙa inda bai kamata ba. Ba a neman kek a wurin mutumin da ake shirin kora, kuma Asger ya san ana shirin, don shi ya rubuta rahoton.

Solvej Kjeldgaard ta sashen kula da inganci ce ta nuna mini shi a ranar Laraba. Mace ce marar yawan magana, mai gilashi a ɗaure da igiya, ba ta da aboki ba ta da maƙiyi, takarda kawai ta sani. Ta juyo mini allonta. A gurbin musabbabi an rubuta: ma'aikaci bai busar da murfi yadda ya kamata ba. A ƙasa ga sa hannun Ejvind na safiyar Litinin inda ya tabbatar murfi ya bushe.

"Gobe ƙarfe goma za a zauna," in ji ta. "Ke ce mai sa hannu na biyu, ana bukatar ki."

"Solvej, mutumin nan ya bi takarda."

"In ya bi, me ya jiƙa gilashin? Ki kawo mini wani dalilin in rubuta. Ba ni da sha'awar ganin bayan Ejvind, amma ba zan ƙirƙiro ba."

Na fito raina a jagule. Dalilin yana bakina, amma na san farashinsa. A ƙasan kowace takardar aiki akwai layi ɗaya: na tabbatar an yi aikin nan daidai da ƙa'ida, ba ragi ba ƙari. Shekara tara ina sa hannu a ƙarƙashin wannan layin da ƙarin mataki a hannuna. A sana'ar nan ana yafe maka ka fasa na'ura, ana yafe maka ka zubar da gari, amma ba a yafe sa hannun da ba gaskiya ba. Kuma ni ba ni da komai a masana'antar nan sai sa hannuna. Ba digiri gare ni ba, ba ofis ba. Abin da nake da shi shi ne in Vibeke Thorsager ta sa hannu, ba mai sake dubawa.

A wurin ajiye kekuna na tarar da Ejvind yana fama da makulli cikin yayyafi.

"Na yi ta tunani, ko ban cika minti goman ba," ya ce. "Ƙila agogon na duba ba daidai ba. Tsufa ne, Vibeke. Inger ma ta ce kwanan nan ina sa madara a kabad."

"Ka cika."

"Ta yaya kika sani?"

"Ina wurin, tsoho. Hau kekenka ka tafi gida."

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sun sa mutum ya fara tuhumar kansa a kan abin da ya yi daidai, ni kuma ina tsaye ina kallo karo na biyu.

Ranar Alhamis mu biyar ne a ɗakin taro: Asger, Solvej, wakilin ƙungiyar ma'aikata, Ejvind da ni. Asger ya fara da zancen yadda kamfani ke daraja shekarun da Ejvind ya yi. Da na ji an fara yabon mutum yana raye na san an gama da shi. Ban bari ya kai aya ba.

"Ba Ejvind ba ne. Takardarku ce ba ta da kyau."

Na faɗa musu komai: zoben roba, laima, tiyon iska, shafi shida da suka mutu a tire. Solvej tana rubutu ba ta ɗago ba. Asger ya jingina da kujera.

"Kina nufin shekara tara kina yin abin da ba ya cikin ƙa'ida, kina sa hannu cewa kin bi ƙa'ida?"

"Ina nufin shekara tara iskar nan ce take riƙe da idonku. Kwana ɗari biyu da tamanin da bakwai ɗin da kake taƙama da su, tiyo ne ya ba ka su. Ka hana ni, ga sakamakon."

"Me ya hana ki faɗa mini dalili?"

"Ka tambaya? Kana can kana nuna wa baƙi yadda ake horar da tsohuwa."

"Wannan ba amsa ba ce, Vibeke."

Ba amsa ba ce, kuma na tsani cewa daga bakinsa gaskiyar ta fito. Sai Solvej ta ajiye biro ta cire gilashinta.

"Tambaya ɗaya, don rahoto ya cika. Ranar Litinin da Ejvind yake ɗaura murfin, kina ɗakin?"

"Ina ɗakin."

"Kin san an wanke shi a safiyar?"

"Na sani."

"Kin gaya masa?"

Na ji Ejvind ya juyo yana kallona. Da na ce ban lura ba, da ba mai iya ƙaryata ni. Amma na gaji da sa hannu a kan rabin gaskiya.

"Ban gaya masa ba."

Solvej ta mayar da gilashinta ta rubuta.

Kwana biyu suka yi suna gwaji da murfi a ɗakin gwaji, ɗaya da iska ɗaya ba iska, abin ya fito yadda na faɗa. Aka goge sunan Ejvind daga rahoton. Aka zubar da garin tukunya ta uku. Aka tono bayanan ido na shekara tara aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a sami ko ɗaya mai matsala ba, amma wannan bai cece ni ba. Aka karɓe mini izinin sa hannu na biyu, aka mayar da ni sashen kwali, inda nake tsaye ina duba ko takardar bayani ta shiga kowane fakiti. Wakilin ƙungiya ya ce in gode ban rasa aikin ba. Na ce masa ya riƙe godiyarsa.

Bayan mako biyu sabuwar takardar ƙa'ida ta fito. Mataki na sha huɗu ya ce a hura wa zoben gilashin busasshiyar iska na daƙiƙa sittin. A saman shafi, a gurbin marubuci, Asger Vestermark. Da yake har yanzu sunana yana jerin waɗanda aka horar a ɗakin gauraya, sai da aka kawo mini ita har sashen kwali in sa hannu cewa na karanta na fahimta. Na sa. Na danna biron har ya huda takardar.

Ranar Juma'ar wannan makon na kawo kek. Ni na gasa shi, mai kwakwa da jan sukari a sama, a babban faranti na tanda. Na ajiye a tsakiyar teburin ɗakin cin abinci ƙarfe tara da rabi, na yanka, mutane suka taru. Asger ya zo har da faɗin ya ji daɗi da na ɗauki abin da sauƙi. Ya ɗauki yanka mafi girma.

Na tsaya kamar yadda ake yi.

"Shirmena ba tiyo ba ne," na ce. "In aka mayar da ni shekara tara baya, zan sake hurawa, kuma duk wanda hakan bai yi masa ba ya ajiye kek ɗina. Shirmena shi ne na ga murfi jiƙaƙƙe a hannun abokina na yi shiru, don ina so wani ya ji kunya."

Ba a yi dariya ba, ba a yi mini tsiya ba. Aka ci kek ana kallon faranti. Ni ba su nake kallo ba. Na ɗauki yankan gefe, wanda sukarinsa ya ɗan ƙone, irin wanda Ejvind ke rigima a kansa shekara sha tara, na sa a ƙaramin faranti na kai masa inda yake zaune bakin taga da burodinsa.

"Naka ne, tsoho."

Ya daɗe yana kallon kek ɗin.

"Kwana uku ban yi barci ba, Vibeke. Na ce wa Inger ƙwaƙwalwata ce ta fara tafiya. Ta yi kuka, har ta nemo mini ranar ganin likita."

"Na faɗi gaskiya ai. Na ajiye sa hannuna saboda kai."

"Ranar Alhamis kika faɗa. Ni ranar Litinin nake bukata, ƙarfe bakwai saura. Kalma uku ce, ɗauko tiyon nan."

Ya naɗe sauran burodinsa a takarda, ya miƙe yana dafa tebur saboda gwiwar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na sami abin mayarwa. Ya tura farantin a hankali ya dawo gabana.

"Ki kai wa Asger," ya ce. "Da shi kike magana tun farko, ba da ni ba."

Ya fita ya koma ɗakin gauraya. Na zauna da kek ɗin har aka buga ƙararrawar komawa aiki, sannan na juye shi a kwandon shara na tafi wurin kwalayena.